Kwanciyar Rub da Ciki da Injin Numfashi: Abin da Likitocin Faris da Liyon Suka Gano

Jawabin da 'yan kwamitin lafiya suka karanta wa jama'a a taron ƙungiya, bayan sallar Isha'i

Mun san yawancinku daga kasuwa da tasha kuka taso, gajiya tana jikinku, saboda haka muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku kaɗan.

Ga abin da ya kawo wannan jawabi. Kwanakin baya wani dattijo daga cikinmu ya kwanta ciwon huhu, aka kai shi babban asibiti, aka shigar da shi ɗakin nan da ba a barin kowa ya shiga, wanda ma'aikata su ke kira Ai-Si-Yu, watau ɗakin masu ciwo mai tsanani. Da 'ya'yansa suka leƙa ta gilashi, sai suka tarar an kifa shi rub da ciki, fuskarsa ta kumbura, ga roba a bakinsa tana tafiya zuwa wani inji. Hankalinsu ya tashi ƙwarai. Babban ɗan ya ce an wulakanta ubansu, mutumin da ya tsufa yana tsawata wa yara a kan irin wannan kwanciya. Har suka nemi a sallame shi su koma da shi gida. Da ƙyar da jiɓin goshi aka lallashe su. Ba mu ga laifin yaran nan ba. Son uba ne ya sa su. In akwai laifi namu ne, mu da muka san dalilin abin, ba mu taɓa tsayawa gabanku mun bayyana shi ba. To, yau ga mu.

Shi wannan ɗaki ba daɗaɗɗen abu ba ne, cikinmu akwai waɗanda suka girme shi. A shekarar 1952 cutar shan inna ta auka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak. Yara suna ta mutuwa, domin cutar ta kashe naman da ke jan numfashi. Daga cikin mutum 31 na fari da numfashinsu ya gaza, 27 suka rasu. Sai wani likita mai ba da maganin barci wajen fiɗa, sunansa Bjorn Ibsen, ya ce a huda maƙogwaro a sa roba, a riƙa matsa jakar iska da hannu. Aka fara da wata yarinya 'yar shekara 12, ta rayu. Inji kuwa babu isasshe, sai aka tattaro ɗaliban likita wajen 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana, kowa zaune gefen yaro yana matsa jaka, makonni har watanni. Mace-mace suka ragu ƙwarai. Ku duba fa, asalin wannan aiki hannun mutum ne da haƙurin zama kusa da majiyyaci.

Faransawa suka ji labari, suka ji tsoron cutar ta iso musu. A 1954 wani babban likita, Pierre Mollaret, ya buɗe irin wannan ɗaki a asibitin Claude Bernard a birnin Faris, ya sayo injunan numfashi daga ƙasar Suwidin. Su Faransawa suna kiran aikin reyanimasiyon, ma'anarsa farfaɗo da mutum. 'Yan'uwanmu na zongon Lome da Abijan da masu zuwa daga Yamai sun san kalmar. Tun daga ran nan har yau likitocin ƙasar ba su bar bincike a kan wannan fanni ba, kuma da yawa daga cikin abin da a ke yi wa marasa lafiyarmu a Korle Bu ta Ankara da Komfo Anokye ta Kumasi, can aka auna shi aka tabbatar.

Yanzu sai batun kwanciya, wanda shi ne gindin magana.

Huhun mutum kamar soso ya ke, cike da 'yan ƙananan jakunkuna na iska, jini yana bi ta gefensu yana ɗibar rabonsa. In ciwo ya tsananta, ko namoniya ce, ko mura mai zafi, ko ƙwayoyin cuta da suka bazu cikin jini, sai soson nan ya jiƙe sharaf, ya yi nauyi. Galibin huhu kuwa ta wajen baya ya ke, kuma can jini ya fi gudu. To, in mutum yana rigingine, nauyin jiƙaƙƙen huhu da nauyin zuciya da kayan ciki duk sai su danne ɓangaren baya, jakunkunan su manne. Jini ya zo ya wuce hannu wofi. Ita kuwa iskar da inji ke turawa, sai ta taru a ɗan wurin da ya rage a gaba, ta yi ta kumbura shi har ta ji masa ciwo. Masu goro sun san wannan: in aka jibga huhunan goro aka bar su kwance ta gefe guda, na ƙasa ne ke shan wuya. In aka juya mutum rub da ciki, nauyin ya sauka daga bayan, jakunkunan da suka manne su buɗe, iska ta rarrabu daidai, majina kuma ta sami hanyar fita.

Likitoci sun daɗe da ganin cewa in an kifa mutum iskar jininsa tana hawa. Amma hawan iska daban, tsira da rai daban. Wanda ya ɗauki nauyin warware wannan shi ne Claude Guérin, wanda a lokacin likita ne a asibitin Croix-Rousse a birnin Liyon, garin da koguna biyu, Ron da Son, suka haɗu. Unguwar da asibitin ya ke, a kan tudu, tsohuwar unguwar masaƙa alharini ce.

Yadda su ke irin wannan gwaji ya kamata ku sani, domin shi ya raba shi da maganar mai tallar magani a cikin lori. Ba a cewa "na ba wane ya warke." Ana tara majiyyata masu ciwo iri ɗaya, da yardar danginsu, a raba su kashi biyu da ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi masu ƙarfi ya sa a ɓangaren da ya ke so. Kashi ɗaya a yi musu sabon abu, ɗaya a yi musu yadda aka saba. Sa'an nan a ƙirga.

Gwajin fari da Guérin ya shugabanta, an buga sakamakonsa a 2004. Mutum 791 ne, ana kifa rabinsu kamar awa 8 a yini. Da aka ƙirga, babu bambanci, mutuwa ɗaya ce nan da can. Likitocin Italiya ma sun gwada a 2001, haka suka gani. Wani da ya sha irin wannan kunya da sai ya naɗe tabarmarsa. Shi kuwa ya koma ya duba inda aka kuskure. Ya ga an haɗa masu ciwo mai sauƙi da masu tsanani, kuma awoyin sun yi kaɗan. Ya sake shiri. Wannan karon masu tsanani kaɗai aka ɗauka, aka fara da wuri, kuma a kowace juyawa mutum ya yi aƙalla awa 16 a kife. Ɗakuna 26 na Faransa da ɗaya na Sifen suka shiga, majiyyata 466. A 2013 sakamako ya fito. Bayan kwana 28, cikin waɗanda aka bari rigingine, kusan 33 cikin 100 sun rasu. Cikin waɗanda aka kifa, 16 cikin 100. Jama'a, rabi ke nan! Da aka sake ƙirgawa bayan kwana 90, 41 ne da wajen 24. Ba allura, ba ƙwaya, ba sabon inji. Juyawa kawai.

Mun ce kawai, amma kada ku ɗauka wasa ne. Juya mutumin da ke barcin magani, da roba a maƙogwaro da wasu a jijiya, aikin mutum uku zuwa biyar ne, ɗaya yana riƙe da kai ba ya duban komai sai robar numfashi, domin in ta zame rai na iya fita nan take. Fuska ta kan kumbura, fata ta kan saɓule a goshi da ƙirji in ba a kula ba. Saboda haka in kun ga an kifa naku, ku sani ma'aikata sun sha wahala a kansa, ba su yar da shi ba. Kuma ba kowane majiyyaci ne a ke yi wa ba. Mai karaya a ƙashin baya, ko mai rauni a ka, ba a kifa shi.

Sa'ad da annobar korona ta zo, asibitin Bichat na Faris ne ya ga mutuwar farko da aka sanar a Turai, cikin Fabrairu 2020, wani tsoho ɗan ƙasar Sin mai shekara 80 da ya zo yawon buɗe ido. Cikin 'yan makonni ɗakunan nan suka cika maƙil ko'ina. Dabarar Liyon ita duniya ta runguma. Har aka gwada ta ga waɗanda ke farke, suna shan iskar oksijin ta hanci, ba a sa musu inji ba tukuna. A 2021 aka haɗa gwaji na ƙasashe shida, har da Faransa, mutum fiye da 1,100, aka ga kwanciyar tana rage yawan waɗanda za su kai ga buƙatar inji.

Mun sani malamanmu sun karantar da mu cewa kwanciyar rub da ciki abin ƙi ce, haka muka tashi, haka mu ke hana 'ya'yanmu. Wannan ladabin mai lafiya ne da ya zaɓi yadda zai kwanta. Majiyyaci kuwa, shari'a ta sauƙaƙe masa abin da ya fi wannan girma: ya yi salla a zaune, ko a kwance, ya sha azumi ya rama. Mu ba masu fatawa ba ne, ga Malam Liman nan zaune, zai ƙara mana haske in mun gama. Abin da mu ke roƙo shi ne kada wani ya sake cewa zai ɗauke nasa daga asibiti saboda wannan. Dattijon da muka ambata yana gida yanzu, yana dogara sanda zuwa masallaci. Ba mu kawo shi hujja ba, domin mutum ɗaya ba ya zama hujja, waɗancan 466 su ne hujja. Mun faɗa ne don ku yi masa barka.

Faris ma ba ta zauna ba. Akwai wani inji da a ke kira Ekmo, wanda ke janye jinin mutum waje ta babbar jijiya, ya zuba masa iska, ya mayar, huhu yana hutawa. Alain Combes na asibitin Pitié-Salpêtrière ya gwada shi ga mutum 249, aka buga a 2018. Masu Ekmo 35 cikin 100 suka rasu, sauran 46. Da gani ka ce an ci nasara, amma masu lissafi suka ce mutanen sun yi kaɗan, tazarar ba ta kai a rantse a kanta ba, kuma da yawa daga kashi na biyu an koma an sa musu injin da ciwo ya ci ƙarfinsu. Su da kansu suka rubuta haka, ba su ɓoye ba. Inji ne mai tsadar gaske, ba za mu ɓata muku dare a kansa ba.

Wanda ya fi shafar aljihunmu shi ne na wankin ƙoda. In ciwo ya tsananta ƙoda ta kan tsaya, a da kuwa wasu likitoci suna gaggawar sa inji. Stéphane Gaudry da Didier Dreyfuss, daga wani asibiti a Kolomb kusa da Faris, suka raba mutum 620, rabi a wanke nan da nan, rabi a jira ana sa ido sai alamar hatsari ta bayyana. A 2016 aka ga mutuwa kusan ɗaya ce, kuma kusan rabin waɗanda aka jira ba su buƙaci wankin ba sam, ƙodarsu ta tashi da kanta ko ajali ya riga. Mu 'yan kasuwa mun saba ganin wanda ya fi kashe kuɗi shi ya fi ƙauna. In likita ya ce a dakata, kada ku ce rowa ce ko raini.

Amma fa ba duk abin da ya yi a Turai ne zai yi a nan ba. Shekaru da yawa ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaita a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya. Da aka gwada a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, yara fiye da 3,000, sakamakon 2011 ya girgiza kowa: waɗanda aka ɗura wa da sauri sun fi mutuwa, wajen 10 cikin 100, sauran kuwa wajen 7. Ba a maganar yaro mai gudawa da ruwan jikinsa ya ƙare, shi ruwa ne maganinsa. Iyayenmu mata, ku da ku ke matsa wa nas ta buɗe ƙarin ruwa ya yi gudu don a gama a tafi gida, ku bar ta da ɗigonta, a ƙirge ya ke.

A 2025 aka buga wani babban ƙidaya na Afirka: asibitoci 180 a ƙasashe 22, majiyyata kusan 20,000. An tarar ɗaya cikin takwas yana cikin hali mai tsanani, kuma ɗaya cikin biyar na waɗannan ya rasu cikin mako guda. Yawancinsu ba su ga ƙofar Ai-Si-Yu ba, a babban ɗakin kowa da kowa su ke kwance, kuma fiye da rabi ba su sami abubuwa masu araha da ya kamata ba, irin su oksijin, da ruwa, da gyara kwanciya don kada harshe ko amai ya toshe maƙogwaro. Nan ne mu ke da abin yi. Mai jinya da ke zaune gefen gado shi ne ido. In numfashi ya yi sauri, in mutum ya kasa ƙarasa magana sai ya huta, in ya fara sambatu ko barcin da ba a iya tashinsa, in fitsari ya ɗauke, in hannu da ƙafa suka yi sanyi, a tashi a kira nas, ko da tsakar dare ne. In a gida ne, a nemi mota. A yi addu'a a hanya, a tofa a asibiti, babu mai hanawa. Sau nawa mu kan kwana uku muna jiran babban wa ya iso daga Tamale ko Bawku kafin a yanke shawara?

Saura magana mai nauyi, wadda ba mu so mu tsallake ta. Injin da ke riƙe rai ya haifar da tambayar da kakanninmu ba su san ta ba. A 1959 wasu likitoci uku na Liyon, Wertheimer da Jouvet da Descotes, suka ba da labarin majiyyatan da ƙwaƙwalwarsu ta mutu ɗungum, inji yana hura ƙirji, zuciya tana bugawa. A shekarar nan dai Mollaret da abokin aikinsa Maurice Goulon suka bayyana mutum 23 masu irin wannan hali a Faris. Wannan ba suma ba ce, ba kuma dogon barcin da a kan farka daga gare shi ba ne. Malaman Musulunci sun zauna a kai. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ce in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa duka ta daina aiki ba dawowa, mutum ya rasu, ya halatta a cire inji. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1987, ta yarda a cire in likitoci uku ƙwararru sun tabbatar, amma ta ce hukuncin mutuwa, irin su gado da takaba, ba ya hawa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan cirewar. Kun ga sun saɓa a kan lokacin, sun haɗu a kan halaccin cirewa. Mun san gidan da aka sayar da shago da fili ana biyan kwanakin inji, ɗa yana tsoron a ce shi ya kashe uwarsa. Wanda wannan ya same shi, kada ya ɗauki kayan shi kaɗai. Ya kira Malam, su zauna da likita tare.

Shi kansa zaman da likita, Faransawa sun auna shi. Élie Azoulay na asibitin Saint-Louis a Faris da abokan aikinsa suka ɗauki dangin majiyyata 126 da ke gab da rasuwa, a ɗakuna 22. Rabi aka yi musu bayani yadda aka saba, kamar minti 20. Rabi aka zauna da su kamar minti 30, likita ya rage magana ya ƙara saurare, aka ba su 'yar takarda a kan rashi. Bayan kwana 90 aka bi sawunsu. Masu firgita da mugun tunani sun kai 69 cikin 100 a kashi na fari, 45 a na biyu. An buga wannan a 2007. Minti goma da kunne, shi ke nan. Mu a zongo ba mu rasa masu zama da mutum ba, namu ya kan yi yawa ne. Mu cika baranda mutum talatin, kowa ya tare likita ya tambaya, kowa ya koma gida da labari daban, kafin la'asar an aika Kano da Yamai cewa wane ya cika, alhali yana numfashi. Hana shiga ɗakin kuma ba girman kai ba ne. Mutumin da ke da roba a jijiya ƙofarsa a buɗe ta ke ga kowace ƙwayar cuta da muka kwaso a tafin hannu daga kasuwa.

Saboda haka kwamiti yana kawo wa taro shawara. Kowane gida da ke da majiyyaci a irin wannan ɗaki ya tsai da mutum ɗaya ko biyu masu magana da likita, in ba mai jin Turanci a gidan, ƙungiya ta ba da mai fassara, mace ga mata. Muna kuma roƙon a ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin mota da na daren farko, wanda shi ne ke tsai da mutane a gida, a biya daga baya. Sa'an nan muna so a saya mana 'yar na'urar nan da a ke maƙala wa yatsa ta nuna iskar jini, guda biyu, a ajiye wajen masu zuwa gai da marasa lafiya. Sai dai a sani, wani bincike da aka yi a Amurka a 2020 ya nuna ta kan ƙara wa baƙar fata lamba, ta nuna lafiya alhali iska ta yi ƙasa, kuma lalle mai duhu a farce yana iya ruɗa ta. In na'ura ta ce lafiya, ido kuwa ya ga mutum yana haki, a bi ido.

Ma'aji ya ce zai karanta abin da ke cikin asusu kafin a tashi, don a san abin da za a iya warewa. Matasa huɗu mu ke nema, biyu maza biyu mata, waɗanda za a koya wa ƙirga numfashi da aiki da na'urar, su ba da sunayensu ga magatakarda yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Malam Liman, bismilla, ga wuri.